Waƙoƙin Kirsimeti Da Muka Bari A Baya

Da zarar hunturu ya shigo, Disamba ta kama, kowa ya san abin da kunnensa zai sha. A rediyo, a kasuwa, a cikin motar haya, har ma a ɗakunan kwanan ɗalibai, waƙoƙi huɗu ko biyar ne ake ta juyawa kamar waina, safe da yamma. Ba mu ƙi su ba, gama da su muka tashi. Amma ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu, me waɗansunsu suke faɗa ne?

Mu ɗauki "Jingle Bells", wadda James Pierpont ya buga a Amurka cikin shekara ta 1857. Labarinta duka na yawo ne a keken da doki ke ja bisa ƙanƙara, ba ta ambaci haihuwar Mai Ceto ko sau ɗaya ba. "White Christmas" kuwa, wadda muryar Bing Crosby ta yaɗa a 1942, begen ƙanƙara ce zalla, abin da yawancinmu ba mu taɓa gani yana faɗowa daga sama ba. Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da mawaƙanmu za su buɗe wa waɗansu waƙoƙin ƙofa. Ga uku da muke ƙauna ƙwarai.

Ta fari ita ce "Coventry Carol" ta Ingila. Asalinta daga wasan kwaikwayo ne da maɗinka da masu gyaran ulu na birnin Coventry sukan yi, kuma an rubuta kalmominta a 1534. Waƙar reno ce, amma ta hawaye, domin iyaye mata ne na Baitalami suke lallashin jariransu sa'ad da sarki Hirudus ya ba da umarni a kashe 'yan yara maza daga shekara biyu zuwa ƙasa, kamar yadda yake a Matiyu 2:16-18. A daren 14 ga Nuwamba, 1940, jiragen yaƙin Jamus suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, babbar majami'arsa ta ƙone. Ranar Kirsimeti ta wannan shekara, daga cikin kufan majami'ar nan, aka raira waƙar ta gidan rediyon BBC, shugaban majami'ar, Richard Howard, ya kuma roƙi jama'a su kawar da tunanin ramuwa daga zukatansu.

Me ya sa muka sa ta gaba? Domin a kowace sujadar Kirsimeti akwai wanda yake zaune da nauyin zuciya. Akwai ɗalibin da zai tafi hutu ya tarar da tabarmar mahaifinsa a naɗe. Akwai uwar da ta binne ɗanta da damina. Idan duk waƙoƙinmu na ƙararrawa ne da dariya, to, mun ce wa waɗannan ke nan su jira a waje har biki ya wuce. Alhali kuwa Littafi Mai Tsarki bai ɓoye kukan Baitalami ba.

Ta biyu ita ce "Huron Carol" ta ƙasar Kanada. Wani ɗan mishan Bafaranshe, Jean de Brébeuf, ya zauna cikin mutanen Wendat, waɗanda Turawa suke kira Huron, ya koyi harshensu sosai. Wajen shekara ta 1642 ya shirya musu waƙar haihuwar Yesu da harshensu, bisa wata tsohuwar muryar waƙa ta Faransa. An kashe shi a 1649, yaƙi kuma ya warwatsa mutanen, amma waɗanda suka tsira suka riƙe waƙar a ka, iyaye suna koya wa 'ya'ya, har aka zo aka rubuta ta. Ita ake ɗauka mafi tsufa cikin waƙoƙin Kirsimeti na Kanada. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Waƙar da ta shiga harshen uwa ba ta saurin mutuwa.

Ta uku daga ƙasarmu ta fito, ko da yake da yawa cikinmu ba mu san ta ba. Sunanta "Betelehemu", da harshen Yarbanci. Babatunde Olatunji, shahararren makaɗin nan ɗan Ajido kusa da Badagry, ya tafi karatu Kwalejin Morehouse a birnin Atlanta a 1950. A can ya koya wa malamin waƙa Wendell Whalum ita, shi kuwa ya tsara ta domin ƙungiyar mawaƙan kwalejin, da ganguna da tafi. Daga nan ta bazu cikin makarantu da majami'u na Amurka. Abin kunya ne a ce ɗalibai a wata nahiya suna wahalar koyon lafazin Yarbanci domin su raira ta, mu kuwa muna nan muna begen ƙanƙara.

Wani zai ce, ai sanannun waƙoƙi sun fi, domin kowa yana iya sa baki, sabuwa kuwa sai jama'a su yi shiru suna kallon mawaƙa. Gaskiya ne, ba mu kuma ce a zubar da tsofaffin ba. Amma kowace sananniyar waƙa baƙuwa ce ran da aka fara jin ta. Abin da aka raira bana, aka sake baɗi, a shekara ta uku ƙananan yara ma za su iya.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Da fari, malamin waƙa da mawaƙa su zaɓi waƙoƙi biyu da ba a saba ji ba kowace shekara, a kuma faɗi tarihinsu a taƙaice kafin a raira. Na biyu, mu koma ga Bishara ta hannun Luka, inda akwai waƙar Maryamu a 1:46-55, da ta Zakariya a 1:68-79, da ta tsoho Saminu a 2:29-32. Masu baiwa a cikinmu su sa musu murya irin tamu, da ganga da kacau-kacau. Na uku, kowane ɗalibi in ya je gida hutu, ya zauna wurin kakarsa ko wurin iyayenmu na zumuntar mata, ya roƙi waƙar Kirsimeti ɗaya ta harshensu, ya rubuta, ya kawo makaranta. Tsofaffin nan ba za su dawwama tare da mu ba, wadda ba mu karɓa daga bakinsu ba kuwa tare da su za ta tafi.

Allah ya kai mu gida lafiya, ya sa sabuwar waƙa a bakinmu, ya kuma nuna mana na baɗi. Amin.