SHARHINMU: Rediyo Ya Shiga Aljihu, Wa Zai Riƙe Amanar?

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa a shekarun 1970 da 1980 ya san matsayin akwatin rediyo a rayuwar jama'a. Yana rataye a kafaɗar makiyayi, yana kan teburin mai shayi, yana gefen tabarmar maigida a zaure. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962 zamanin gwamnatin Sardauna, sai Muryar Jamus a 1963, sai Muryar Amurka a 1979. Ta Rediyon Kaduna ne tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello ya riƙa shiga gidajen da malamin bai taɓa taka ƙofarsu ba, tun daga ƙarshen shekarun 1960 har rasuwarsa a 1992. A wancan zamani agogo ne ke mulki. Idan lokacin shiri ya yi, gari guda na sauraron murya guda, wanda kuwa ya makara sai dai ya nemi labari a bakin maƙwabci.

Yau agogon ya sauka daga mulki. Abin da ya sauke shi shi ne abin da ake kira fodkas, wato shirin murya da ake ajiyewa a intanet, mai sauraro ya ɗauko shi a wayarsa a lokacin da ya ga dama, ya tsayar, ya koma baya, ya maimaita. Kalmar ta fara fitowa ne a jaridar Guardian ta Ingila a 2004. A 2005 kamfanin Apple ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye ƙofa a manhajarsa ta iTunes. A 2014 wani shiri mai suna Serial, wanda ma'aikatan rediyo a Amurka suka tsara, ya jawo miliyoyin masu sauraro, daga nan ne masu gidajen rediyo suka gane cewa abin ya wuce wasan yara.

Manyan gidajen rediyo na duniya ba su tsaya jayayya da zamani ba. Ƙasar Norwe ta kashe tashoshinta na ƙasa da ke kan zangon FM a 2017. BBC ta buɗe manhajar BBC Sounds a 2018, inda ta haɗa rediyo kai tsaye da shirye-shiryen da aka ajiye a wuri guda. A watan Janairun 2023 kuma ta rufe rediyonta na Larabci bayan shekara 85 yana aiki, ta ce masu sauraro su bi ta zuwa intanet. Wannan ya ishi mai hankali ishara game da inda aka dosa.

A nan gida ma sauyin ya iso, kuma ya zo ta hanyoyi uku. Hanya ta farko ita ce mafi sauƙi: a gama shiri a iska, a ɗora shi a intanet yadda yake, kamar yadda sassan Hausa na BBC da Muryar Jamus da Rediyon Faransa suke yi. Ta biyu ita ce kafa kyamara a ɗakin watsa shiri, a riƙa nuna masu magana kai tsaye ta Facebook da YouTube, abin da tashoshin FM da dama a Kano da Kaduna suka runguma. Ta uku ita ce tsara shiri musamman domin mai waya, ba tare da ya taɓa hawa iska ba. A wannan fage har jarida ta shigo, domin Aminiya ta fito da shirye-shiryen murya irin su Najeriya a Yau da Daga Laraba. Dalilin wannan tururuwa a fili yake. Na'urar watsa shiri tana cin man dizal da wutar lantarki dare da rana, farashinsu kuwa ya yi tashin gwauron zabo, masu talla kuma sun bi matasa zuwa cikin waya.

Mu a wannan mujalla ba mu ga abin tsoro a asalin wannan fasaha ba, domin mun san kakarta. Kakarta ita ce kaset. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar masallaci ranar Juma'a yana zaɓen kaset ɗin karatu, ya kai gida iyalinsa su saurara, ya ba direban mota aro, ya riga ya san fodkas tun kafin a raɗa masa suna. Kaset ya ba faifan CD wuri, faifai ya ba memori wuri, yanzu memorin ma ya koma intanet. Alherin da ke ciki kuwa mai yawa ne. Ɗalibi zai maimaita mas'alar gado sau goma har ta zauna masa. Uwargida da aikin gida ya hana ta zama a lokacin shiri za ta saurara bayan yara sun yi barci. Bahaushen Zangon Kumasi da na Jidda da na Khartum za su ji shirin Kano a rana guda da mutumin Fagge.

To ina matsalar take? Matsalar tana wajen amana. Gidan rediyo, duk da kurakuransa, yana da suna da adireshi da lasisi. Tun da aka kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa a 1992, kowace tasha a Nijeriya ta san akwai wanda zai tuhume ta. Akwai edita da ke sauraron shiri kafin ya fita, akwai kotu idan an ɓata sunan wani. Ba mu ce wannan tsari ya tsira daga son zuciyar masu mulki ba, an sha amfani da shi wajen toshe bakin masu gaskiya. Amma ko ba komai, magana tana da mai ita. A sabon fagen kuwa, duk mai waya da ɗaki mai shiru ya zama gidan rediyo. Kamfanonin da ke riƙe da fagen suna tura wa mutane abin da ya fi tsayar da su a kan waya, kuma kowa ya san cewa zagi da raddi da tonon silili sun fi darasin fiƙihu tara jama'a.

Mafi muni shi ne guntun murya. A ɗauki karatun awa biyu, a yanko daƙiƙa arba'in, a cire tambayar da aka yi, a cire sharaɗin da malami ya gindaya, a watsa a WhatsApp babu suna babu kwanan wata. Kafin la'asar an raba kan unguwa. Yanzu kuma ga na'urorin ƙirƙirarriyar basira da ke iya kwaikwayon muryar mutum, su sa masa maganar da bai taɓa furtawa ba. Al'ummar da malamanta suka ƙare rayuwarsu wajen tantance isnadi, suna bin mai ruwaya gari gari domin su san daga wa ya ji, bai dace a ce ita ce ke karɓar murya marar asali ta gina ƙiyayya a kanta ba.

A nan ne muke ganin gidajen rediyonmu suna da jarin da sabbin shiga ba su da shi, wato sunan da jama'a suka sani da taskar da suka tara. Idan suka shiga fagen fodkas suka bar waɗannan biyu a baya, suna tsere da 'yan neman suna wajen tayar da ƙura, to sun sayar da gona sun sayi kan gona. Saboda haka muke ba su shawarwari huɗu.

Na farko, duk shirin da za a ɗora a ɗora shi cikakke, da sunan mai magana da ranar da aka yi shi da wurin da aka ɗauka. Wannan shi ne isnadin zamani, kuma da shi ne za a ƙaryata mai yankan murya.

Na biyu, a ceci taska. Tsofaffin tashoshi sun naɗi muryoyin malamai da sarakuna da masana tarihi a kan zaren kaset na tsawon shekaru. Zaren kaset kuwa zafi da ƙura da danshi suna cinye shi. Mayar da shi zuwa kwamfuta aiki ne da ya cancanci kuɗin gwamnati da na jami'o'i da na masu hali, kuma kowace damina da ta wuce ba a yi ba, an yi hasarar da ba ta da mayi.

Na uku, kada a kashe iska. Mu ba Norwe ba ne. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, kuma a waɗancan makonni akwatin rediyo mai batir biyu ne ya rage wa talaka. Manomi da makiyayi da tsohuwar ƙauye su ne suka riƙe rediyo shekara da shekaru, butulci ne a juya musu baya domin an sami mai babbar waya.

Na huɗu, kowace tasha ta ajiye kwafin shirye-shiryenta a hannunta. Wanda ya hau dokin aro, inda mai doki ya ce ya sauka nan zai sauka. Mun ga yadda gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mun kuma ga yadda umarni guda daga fadar shugaban Amurka a watan Maris na 2025 ya sa Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit. Fagen da ke hannun wani ana iya rufe shi a dare guda.

Sai kuma mu, masu sauraro. A da edita ne mai tsaron ƙofa, yanzu aikin ya dawo kan babban yatsan kowannenmu. Kafin ɗan'uwa ya tura wata murya gaba, ya tambayi kansa: wa ya yi maganar nan, yaushe ya yi ta, ina sauranta? In bai sami amsa ba, to ta tsaya a wayarsa. Malamai da masu wa'azi kuma su sani cewa maganar da a da iska ke tafiya da ita, yanzu tana nan ajiye, jikoki za su saurare ta. Hakan ya isa ya sa mutum ya auna kalma kafin ya sake ta.

Muna roƙon Allah Ya sa mu cikin masu sauraron magana su tantance ta, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga yaɗa abin da ba mu da tabbas a kansa.