Kunun Rage Ƙiba: Abinci Ne Ko Magani?

Daga Wakilinmu na Arewa

A 'yan shekarun nan wani irin gari ya shigo kasuwa, wanda ake damawa da ruwa ko madara a sha a madadin abinci. Ana samunsa cikin gwangwani a manyan kantuna na Ikko da Abuja da Kano, amma yawancin cinikinsa ta wayar hannu ake yi. Masu tallarsa suna cewa kofi ɗaya ya ɗauke wa mutum karin kumallo ko abincin dare, ya zubar masa da teɓa, wasu har sukan ƙara da cewa yana maganin ciwon sukari da hawan jini. Tun da jama'a sun fara zuba kuɗinsu a ciki, ya kamata mu duba mu ga ina gaskiya ta tsaya.

Da farko dai, mene ne a cikin gwangwanin? Yawanci garin waken soya ne ko na madara, watau sinadarin gina jiki, sai ɗan mai, da sukari ko wani abin zaƙi, da bitamin iri-iri. Kofi ɗaya yakan ba da kalori 200 zuwa 250, alhali baligi yana bukatar wajen 2,000 zuwa 2,500 a yini. Sabo da haka babu wani sirri a ciki. Wanda ya bar malmalar tuwo biyu ya sha kofi ɗaya, dole ya rame, ba don garin yana narka kitse ba, sai don an rage wa ciki rabonsa.

Abin kuwa ba sabo ba ne a ƙasashen Turawa. Tun 1959 kamfanin Mead Johnson na Amurka ya fito da Metrecal, a 1977 SlimFast ya biyo baya, Herbalife kuma a 1980. A tsakanin nan ne aka yi wata annoba wadda ya kamata duk mai sha'awar wannan kunu ya san labarinta. A 1976 wani likita mai suna Robert Linn ya buga littafi yana kiran masu ƙiba su daina cin abinci ɗungum, su riƙa shan wani ruwa mai suna Prolinn, wanda aka sarrafa daga fatu da jijiyoyin shanu. Mutane suka yi ca a kansa. Kafin ƙarshen 1978 hukumomin lafiya na Amurka sun sami rahoton mutuwar mutum kusan 60. Da aka bincika, sai aka tarar 17 daga cikinsu ba su da wata cuta in ban da ƙiba, bugun zuciyarsu ne ya rikice bayan sun yi watanni a kan ruwan. Garin da ake sayarwa yau ya fi wancan inganci nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne. Amma har yanzu wanda ya hana jikinsa abinci na tsawon watanni ba tare da likita yana duba shi ba, kasada yake yi da ransa.

To, ashe ke nan abin banza ne? A'a. A watan Disamba na 2017 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji mai suna DiRECT, wanda Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow suka jagoranta. An ɗauki masu ciwon sukari irin na manya su kimanin 300, aka raba su gida biyu. Rabi suka ci gaba da magani yadda aka saba. Ɗaya rabin aka ɗauke musu abinci gaba ɗaya, aka sa su a kan irin wannan kunu da romo, kalori 850 ko ƙasa kaɗan a yini, har wata 3 zuwa 5, sa'an nan aka riƙa maido musu da abinci sannu a hankali. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 na masu shan kunun sukarinsu ya daidaita ba tare da ƙwayar magani ba. A ɗaya ɓangaren kashi 4 ne kacal. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86 suka sami wannan sauƙi. Dalili shi ne kitsen da ya taru a hanta da gaɓar da ke yin insulin ya ragu, sai suka koma aikinsu. Ganin haka ne hukumar lafiya ta Ingila ta fara ba da wannan kunu kyauta ga wasu majinyata a 2020.

Wannan labari ne 'yan talla suke ɗauka su yi ado da shi, amma sukan bar rabinsa a baya. Ba kowa aka ɗauka a gwajin ba: sai wanda ciwonsa bai wuce shekara 6 ba, yana da ƙiba, kuma ba ya allurar insulin. Tun ranar farko aka tsayar musu da magungunan sukari da na hawan jini, ma'aikatan jinya suna auna su a kai a kai. Mai karatu ya lura da wannan da kyau. Mai ciwon sukari da ya sayi gwangwani a hannun maƙwabciya, ya daina cin tuwo amma ya ci gaba da haɗiyar ƙwayoyinsa, sukarinsa yana iya faɗuwa ya yanke jiki ya suma. Ko a hannun likita ma akan yi fama da ciwon kai, da jiri, da jin sanyi, da taurin bayan gida, ramar gaggawa kuma takan jawo tsakuwa a maɗaciya. Mai ciki, da mai shayarwa, da yaro, da mai ciwon ƙoda, ba nasu ba ne sam.

Sai kuma maganar ɗorewa, wadda ita ce babbar matsala. A wannan gwaji, kashi 46 ɗin nan ya sauko zuwa 36 a shekara ta biyu, a shekara ta biyar kuwa kashi 13 ne suka rage cikin waɗanda aka ci gaba da bibiya. Amurkawa ba su manta da Oprah Winfrey ba, wadda a 1988 ta jawo 'yar kura cike da kitse kilo 30 a gaban masu kallon talabijin, don ta nuna abin da ta zubar cikin wata huɗu da shan Optifast. Ba a daɗe ba ƙibar ta dawo. Gwangwani ba ya koya wa mutum yadda zai zauna gaban akushi, ranar da ya ƙare kuwa akushin yana nan yana jira.

A ganina, ga mai lafiya wanda aiki ya hana shi zama, shan kofi ɗaya jefi-jefi ya fi a cika ciki da lemon kwalba da cincin. Iyakarta ke nan. Mu da muka tashi da fura da nono da kunun gyaɗa, ba baƙo ne gare mu a sha abinci a ludayi ba, sai dai mun san wanda ya sha koko da safe ba ya kai azahar bai nemi wani abu ba, domin abin da aka tauna ya fi zama a ciki. Wake, da zogale, da kuka, da gero mai dusarsa, da ƙwai, da kifi suna ba da abin da garin ke alfahari da shi, a kan kuɗin da bai kai nasa ba, balle ma da yake yawancinsa daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala.

Akwai kuma batun masu sayarwa. Da yawansu ba ma'aikatan lafiya ba ne, 'yan kamasho ne, ribarsu tana ga yawan gwangwanin da suka tura da yawan mutanen da suka jawo cikin harkar. A 2016 kamfanin Herbalife ya yarda ya biya dala miliyan 200 a Amurka, ya kuma sake tsarin kasuwancinsa, bayan hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta zarge shi da ruɗin mutane game da ribar da za su samu. A nan gida, Hukumar NAFDAC ce ke da alhakin rajistar irin waɗannan kaya, kuma gwangwanin da ba shi da lambarta bai cancanci a kai shi baki ba. Amma lambar izinin sayarwa ce kawai, ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da ciwon sukari. Ya kamata hukumar ta bi masu wannan da'awa har cikin wayoyin da suke tallar, asibitocin koyarwa namu na Kano da Zariya da Maiduguri kuma su gwada irin tsarin na Ingila da abincinmu na gida, a ga ko kunun gero da wake da aka auna zai yi aikin da gwangwani yake yi.