Nasarar Zhao Xintong da gurbin Afirka a wasan sinuka

Ranar 5 ga Mayun 2025, a zauren Crucible da ke Sheffield a Ingila, Zhao Xintong ya doke Mark Williams da ci 18 da 12, ya zama ɗan Asiya na farko da ya ɗauki kofin duniya na sinuka, haɗe da fam 500,000.

A 2023 an dakatar da shi wata 20 a badaƙalar sayar da wasa da ta rutsa da 'yan China goma, har aka haramta wa Liang Wenbo da Li Hang wasan har abada. Zhao ya rasa katin ƙwararru, sai da ya ci wasa huɗu a zagayen share fage kafin ya shiga Crucible. Masu shirya gasar ne za su fi cin gajiyar dawowarsa, domin China babbar kasuwarsu ce.

Williams kuwa, shekararsa 50 a lokacin. Shi da Ronnie O'Sullivan da John Higgins tun 1992 suke ƙwararru, kuma daɗewarsu a sama ta rage wa matasa wuri.

Rabon ɗan Afirka da wasan ƙarshe tun Perrie Mans na Afirka ta Kudu a 1978. Zakaran nahiyar yana samun katin shekara biyu, amma riƙe shi sai an shiga jerin 64 na farko ko an sake neman gurbi. Matashi daga Libreville ko Kano zai biya kuɗin jirgi da masauki a Ingila, ya kara da waɗanda suka tashi a makarantun horo.