Mudu-Mudu Ake Auna Buhu: Kira Ga Ɗalibanmu Na Kimiyya

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata a birnin Kano, zai yi wuya bai ga uwa rungume da ɗanta mai ciwon sikila ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da wannan cuta, wadda muke kira amosanin jini. Abin mamaki, tushenta harafi ɗaya ne tak. Ƙwayar gadon da ke gina wani sashe na sinadarin jan jini tana da kalmomi 146 masu haruffa uku-uku. Idan ta shida ta sauya daga GAG zuwa GTG, sai ƙwayoyin jini su riƙa lanƙwashewa kamar lauje.

To, ina ruwan wannan da na'ura mai ƙwaƙwalwa? Ruwa kuwa har tsaki. A yau irin waɗannan bayanai a rumbun bayanai ake taskace su, cikin layuka da ginshiƙai, bisa tsarin da Edgar Codd ya fitar a 1970. Ɗaya daga cikin rumbunan shi ne PostgreSQL, wanda ya samo asali a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986. Kyauta ne, kuma yana bai wa mutum damar rubuta nasa ɗan aiken da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro wajen 1972.

Ɗan aike na yau da kullum amsa ɗaya yake kawowa. Amma akwai wanda ke kawo jerin amsoshi, alal misali wanda zai yayyanka ƙwayar gadon nan, ya miƙo kowace kalma a layinta. Aikinsa tamkar na mai awo ne a Kasuwar Kurmi. A kiran farko yakan keɓe wurin ajiye ƙidaya. Daga nan duk kira sai ya miƙo mudu ɗaya, ya tuna inda ya tsaya, har ya sanar cewa buhu ya ƙare. Sai dai mai saye na iya cewa ya isa tun ba a kai ƙarshe ba, don haka kuskure ne a bar rufe fayil sai kiran ƙarshe. Bugu da ƙari, ɗan aiken a cikin uwar garke yake gudana. Idan ya yi tuntuɓe, yana iya katse aikin duk masu amfani da rumbun a lokacin.

Wasu abokan aikina na ganin wannan hatsari ya isa dalilin bar wa masana kwamfuta fagen. Ban yarda ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya san ciwon shi ya san tambayar da ta kamata a yi wa rumbun. Muddin ba mu iya ƙera kayan aikinmu ba, bayanan marasa lafiyarmu sai dai wasu su nazarta mana.

Saboda haka ina roƙon malamanmu na sakandare su haɗa ɗaliban nazarin halittu da darasin kwamfuta tun da wuri, domin da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ku kuma ɗalibai, ku fara da harshen tambaya na SQL, sannan ku tunkari C, kuna gwaji a kan na'urar da babu bayanan kowa a ciki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.