Ƙarin Kuɗin Tsaro: Tanadin Ƙarfi Wajibi Ne, Amma da Sharaɗin Amana

Duk shekarar da aka kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Tarayya, sai muhawara ta tashi: a ƙara wa sojoji kuɗi, ko a fifita makarantu da asibitoci? Mu mutanen Kaduna muna da ta cewa. A nan hedikwatar Runduna ta Ɗaya take, a Kawo. Ga makarantar hafsoshi ta NDA, ga masana'antar makamai ta DICON tun 1964. Duk da haka, 'yan bindiga sun kutsa NDA a Agustan 2021, sun tare jirgin ƙasan Abuja a Maris 2022, sun kwashe ɗaliban Kuriga a Maris 2024.

A shari'ance, kare rai yana cikin manyan manufofi biyar na addini. Aya ta 60 a Suratul Anfal ta yi umarni da tanadin ƙarfi gwargwadon iko, Suratu Ƙuraishi kuma ta gwama ƙoshi da aminci. Manomin Birnin Gwari da tsoro ya hana zuwa gona ya san ɗaya ba ya samuwa sai da ɗaya. Saboda haka asalin ƙarin ba abin zargi ba ne.

Sai dai Alƙur'anin da ya umarci tanadi shi ne ya yi kashedi mai tsanani kan gululu, wato ha'inci a dukiyar yaƙi, a aya ta 161 ta Suratu Ali Imrana. Ba mu manta da zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai da ya ɓullo a 2015 ba. Ba mu kuma manta da Tudun Biri ba, inda jirgin soji mara matuƙi ya hallaka masu Mauludi aƙalla 85 a Disambar 2023. Makami mai tsada ba tare da sahihin bayani da horo ba musiba ne a kan talaka.

Matsayinmu shi ne a ƙara, amma hisabi ya riga ƙari. Majalisa ta binciki inda kuɗin baya suka shiga. A fara da alawus da kayan aikin ƙaramin soja, da haƙƙin matan waɗanda suka rasu a bakin daga. Kada kuma a yanko ƙarin daga kason ilimi, domin yaron da aka bari cikin jahilci da yunwa shi ne ɗan ta'adda ke ɗauka aiki.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.