RA'AYINMU: Takardun kakanninmu suna jiran mai karatu

Wanda ya shiga yaƙi da jahilci har ya iya karanta jarida, ya kuma iya rubuta wasiƙa da hannunsa, ya cancanci yabo. Amma da sauran aiki. A gidajenmu na Damagaram, Maraɗi, Tawa da Agadas akwai gafakoki cike da takardun ajami: waƙoƙin wa'azi, wasiƙun sarakuna, lissafin fatake, shaidar gona da ta gado. Dattawan da suka iya karanta su suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, gara da ruwan damina kuwa ba su jiran kowa.

Rubutu ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A Maratta, cikin jihar Tawa ta yau, aka haifi Shehu Usumanu ɗan Fodiyo a 1754. Marigayi Bubu Hama ya tara tsofaffin littattafai na larabci da ajami, waɗanda ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, yawansu ya kai dubbai. To amma takardar da ba mai karanta ta, ko a ina aka ajiye ta, bebiya ce.

Saboda haka muna kira ga masu karatunmu su mai da wannan aiki abin yi na lokacin hutu. Mafarinsa ba wuya. A nemi malami dattijo na unguwa, a fara da waƙar da aka riga aka sani da ka, don kunne ya ja ido. Layi biyu ko uku a rana sun isa. A kwafe su da boko cikin littafi na dabam, a bar gurbi inda kalma ta gagara, kada a cike shi da zato.

Ga abin da mai farawa zai kiyaye. A rubutunmu na da, harafin fa ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, ƙaf kuwa ɗaya a bisa. Rufu'a tana tsayawa a madadin u da o, ma'ana ce ke raba su. Babban ɗigo a ƙarƙashin harafi, wato imala, shi ne e. Sau da yawa b da ɓ kamarsu ɗaya. Tun da ba a ɗinke littattafan ba, marubuci yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin wadda ta gabata. Da ita ake jera takardun da suka cakuɗe. Shekara kuwa ta Hijira ce: 1300 ta faɗo tsakanin 1882 da 1883.

A taɓa takarda da hannu mai tsabta, busasshe. Kada a liƙa mata komi, kada a sake bin rubutun da biro. A ɗauki hotonta, a mai da ita wurin mai ita, domin amana ce.

Su ma ma'aikatan gwamnati da malaman yaƙi da jahilci suna da nasu nauyi. Rigimar gona nawa ce wata tsohuwar takarda za ta iya kashewa in an sami mai karanta ta? Ya kamata kowace cibiyar karatun manya ta gayyaci malamin ajami ko da sau ɗaya a mako, boko da ajami su zauna tabarma guda.

Sannu ba ta hana zuwa. A fara tun masu koyarwa suna raye. Allah ya taimake mu.