Wai ita ce mai wayo, shi ne wawa?

Tun ranar Talata nake juya maganar nan a raina, na ga in ban rubuta ba ba zan samu sukuni ba. Wanda ya ji kamar da shi nake, ya yi haƙuri, da shi ɗin nake.

Wani abokin aiki ne ya turo bidiyo a guruf ɗinmu na ofis a WhatsApp, daga wani tsohon shirin gasa na talabijin a Ingila mai suna Golden Balls, wanda tashar ITV ta riƙa nunawa daga 2007 zuwa 2009. Ga wanda bai san shi ba, a ƙarshen wasan mutum biyu ne ke ragewa, ga kuɗi a tsakaninsu. Kowanne a miƙa masa ƙwallo biyu, ɗaya an rubuta "a raba" a cikinta, ɗayar kuma "na kwashe". In duk suka zaɓi rabawa, kowa ya tafi da rabi. In ɗaya ya ce a raba ɗayan ya ce ya kwashe, mai kwashewa ya tafi da duka. In kuwa dukansu suka yi haɗama, kowa ya koma gida hannu rabbana. Kafin su zaɓa sai a ba su dama su yi magana, ido cikin ido.

A bidiyon, wata budurwa ce Sarah da wani mutum Steve, kuɗin kuma fam 100,150. Steve ya yi mata alkawari zai raba. Ita ma ta marairaice kamar za ta yi kuka, ta ce duk wanda ya san ta zai ƙyamace ta in ta cuce shi. Aka ce su buɗe. Shi "a raba", ita "na kwashe". Bawan Allah ya kifa kansa a kan tebur, ya kasa ɗagowa.

Ba bidiyon ne ya dame ni ba, na daɗe da ganinsa. Abin da ya biyo baya a guruf ne. Dariya kawai ake turowa. Wannan ya ce yarinya ta iya takunta, wancan ya ce ai shi ya ja wa kansa, wa ya ce ya yarda da ita. Sai wani babba a cikinmu, mutumin da nake ganin girmansa, ya rubuta: "Wallahi ni ma da ni ne haka zan yi, ai wasa ne." Jama'a, wannan bawan Allah shi ne uwar adashinmu. Mu goma sha biyu, duk ƙarshen wata a hannunsa muke zubi.

Wai wasa ne. To wane ɓangaren ne wasan? Ƙwallayen dai wasa ne, fitilu da kiɗan da ake sawa don gaban mutum ya faɗi su ma wasa ne. Amma fam 50,075 da ya kamata Steve ya tafi da su gida kuɗi ne na gaske, alkawarin da ta yi masa kuma da bakinta ta yi shi, ba wanda ya rubuta mata. Kuma a gaban kyamara, ta san miliyoyi za su gani. Wanda ya iya haka a bainar jama'a, me kake tsammani daga gare shi in daga shi sai fayil a ofis, an rufe ƙofa?

Wani ya ce mini ai ba ta karya dokar shirin ba. Gaskiya ne, ba ta karya ba. Mai karya doka shari'a ce ke maganinsa. A 2001 wani manjo na sojan Birtaniya, Charles Ingram, ya ci fam miliyan ɗaya a shirin Who Wants to Be a Millionaire, irin wanda Frank Edoho ya yi shekaru yana gabatarwa a nan Najeriya, muna kallo in an kawo wuta. Masu shirin suka lura akwai mai yin tari a daidai lokacin da aka ambaci amsar da take daidai. Suka riƙe kuɗin, a 2003 kotu ta same shi da laifi, shi da matarsa da mai tarin, aikin soja ma ya rasa, ko da yake har yau yana musantawa. Wannan mai sauƙi ne, kowa ya yarda an yi ba daidai ba. Amma tun yaushe muka koma auna mutunci da abin da kotu za ta iya kama mutum a kai? Mu da muke aikin gwamnati mun fi kowa sanin irin cutar da ake yi wa mutum ba tare da an taka ko layi ɗaya na dokar aiki ba. A danne takardar ƙarin girmanka wata shida, in ka tambaya a ce tana kan hanya.

Sai masu cewa kowa ma haka zai yi. Wannan ƙarya ce da mai son zuciya yake lallashin kansa da ita. A 2012 wasu masana tattalin arziki su uku, cikinsu har da Richard Thaler wanda daga baya ya samu kyautar Nobel, sun bi shirye-shiryen Golden Balls guda 287 ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar kashi 53 cikin ɗari na 'yan wasan rabawa suka zaɓa, kuma waɗanda suka furta alkawari ƙarara sun fi sauran cikawa. Fiye da rabi ke nan, da mutumin da ba su taɓa sani ba, ba kuma lallai su sake haɗuwa ba. Don haka in ka ce kai za ka kwashe, faɗi ra'ayinka kai kaɗai, kar ka shafa wa kowa.

In ma wayo kuke son yabawa, ai a shirin nan ɗin akwai wanda ya fi. Wasu mutum biyu, Nick da Ibrahim, kuɗinsu fam 13,600. Ana ba su damar magana Nick ya ce shi fa kwashewa zai yi, ba ja da baya, amma in an tashi zai ba Ibrahim rabi. Ibrahim ya yi juyin duniya su zaɓi rabawa tare, Nick ya kafe. Ran Ibrahim ya ɓaci har ya kira shi wawa, ya kawo maganar da ya ce mahaifinsa ya koya masa a kan cika alkawari. Nick ko gezau. Ku duba inda ya tura shi: in Ibrahim ya zaɓi kwashewa, tabbas ba wanda zai samu ko sisi, in ya zaɓi rabawa, aƙalla akwai ɗan fata. Dole ya ɗauki "a raba", yana huci. Aka buɗe, sai ga Nick shi ma "a raba" ya ɗauka. Kowa ya tafi da fam 6,800.

Daga baya wani shirin rediyo na Amurka, Radiolab, ya nemo Ibrahim. Da bakinsa ya ce tun farko niyyarsa ya kwashe, zancen mahaifin nan ma ƙirƙira ya yi, bai taɓa sanin mahaifinsa ba. Wato Nick ya karanci mutuminsa sarai, ya toshe masa hanyar cuta, sannan ya miƙa masa rabonsa cif. Na sani, shi ma ƙarya ya yi da ya ce zai kwashe, ban kuma ce ta halatta ba. Amma ƙaryarsa kuɗi ta sa a aljihun abokin karawarsa, ta Sarah kuwa ta bar mutum da kai a kan tebur. Wannan bidiyon na tura shi guruf ranar Laraba. Mutum biyu ne kacal suka tanka.

Kar a ɗauka waliyyi nake mai da kaina. Ni ma ɗan albashi ne, ranar ashirin ga wata na san yadda aljihuna yake, ga kuɗin makarantar yara. In aka ajiye mini irin waɗannan kuɗi a gabana sai dai in roƙi Allah ya tsare ni. Masu shirin ma ba su fita ba, su suka gina ramin suka kafa kyamara a bakinsa suna jiran wanda zai faɗa. Mutum ya faɗa cikin jarrabawa, wannan rauni ne irin na ɗan Adam, ana iya tausaya masa. Amma kai da kake kwance a falonka, ba a ajiye maka ko kwabo ba, ba abin da ya matsa maka, ka ga an ci amanar mutum ka tafa, ka kira wanda ya cika alkawari wawa? Haba! 'Ya'yanmu fa suna gefe suna jin wanda muke yabo da wanda muke yi wa dariya.

Kwasata a adashin nan sai watan Nuwamba, ni ne na biyun ƙarshe. Gobe in Allah ya kai mu zan same shi a ofishinsa, in tambaye shi cikin girmamawa ko adashin namu shi ma wasa ne.